Yaya zan gane sabar ENUM ɗinmu ta faɗi tun kafin kuɗin kira su ƙare?

Na-Mokoyo ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni ke kula da wayoyin wani kamfanin ƴan kasuwa a nan Maradi. Ofis yana kusa da babbar kasuwa, muna da sito a Tasawa, shago a Ɗan Isa bakin iyaka, da reshe a Damagaram. Kowane wuri na ajiye Asterisk, wato manhajar da ke haɗa kiran waya a kwamfuta. In ma'aikaci ya danna lamba, Asterisk yakan fara tambayar sabar DNS ɗinmu (injin da ke fassara suna zuwa adireshin intanet) ta hanyar ENUM, tsarin neman lambar waya a cikin DNS, ko lambar tamu ce. In tamu ce, kiran ya bi intanet ba a biya ko dala. In ba tamu ba ce, ya fita ta sim.

Damuwar ita ce in sabar ta yi shiru, Asterisk ya ɗan jira, sai kawai ya tura kiran ta sim. Magana tana shiga lafiya, don haka ba mai kuka. Sai dai Alhaji mai kamfanin ya kira ni yana tambayar ina kuɗin da aka loda suka shiga. Sabar guda biyu gare mu, duka da manhajar DNS mai suna BIND, duka a ofis. Ina yi musu ping, wato gwajin ko injin yana kan rezo, suna amsawa, amma abin bai daina faruwa ba, musamman da bazara in ana yawan ɗauke wuta. Da me kuke sa ido a kan irin wannan?

Injiniya_Yamai ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ping ba ya gaya maka komai game da DNS. Injin yana iya tashi bayan wuta ta dawo, katin rezo ya amsa, alhali BIND bai tashi ba, ko ya tashi ya ƙi loda fayil ɗin lambobinku saboda ɗigo ɗaya da aka manta. Kamar ka je ƙofar shago ka ga fitila a kunne ka ce ana ciniki.

Tambayar da wayar take yi ita za ka yi. ENUM yana juya lambar ta baya, ya raba kowane adadi da ɗigo. Shi ya sa 227 ɗinmu na Nijar yake komawa 7.2.2.e164.arpa, 234 na Najeriya kuma 4.3.2.e164.arpa. Ka ware lamba ɗaya ta gwaji wadda ba ta kowa ba, ka nemi NAPTR ɗinta, wato bayanin da ke faɗin inda za a kai kiran, da dig, manhajar yi wa DNS tambaya, kana ambaton adireshin kowace sabar daban, tare da +norecurse don kada ta nemo amsar daga wani wuri. Kada ka bi ta mai neman amsa na tsakiya, don shi yana riƙe tsohuwar amsa har TTL, wato wa'adin riƙe amsa, ya cika, ya rufa wa matacciyar sabar asiri. Abu uku za ka duba: alamar aa ta fito (ita ke nuna amsar daga sabar mai lambobin ta fito), layin E2U+sip yana ɗauke da adireshin da kake tsammani, da tsawon lokacin da amsar ta ɗauka. Hanya biyu DNS ke bi: ka gwada UDP, ka kuma gwada TCP a ƙofa ta 53. Lamba mai NAPTR da yawa amsarta kan yi girma, ta koma TCP, kuma nan ne na sha ganin an toshe ba a sani ba.

Cikin manhajojin sa ido, Nagios yana da check_dig, Zabbix ma yana yi. Amma wuri huɗu kawai, ɗan rubutu a cron, mai tada aiki a kan lokaci, duk minti ɗaya ya wadatar.

Malama_Rabi ta rubuta:

Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne "duka a ofis". Malam, sabar ɗaya ke gare ka, ka dai saye ta sau biyu. Wuta ɗaya, layin intanet ɗaya, ɗaki ɗaya mai zafi. Tun 1997 kundin ƙa'idar intanet RFC 2182 ya ce a raba su a wurare daban, a kan rezo daban. Ka ɗauki guda ka kai Damagaram. Kuma tunda Maradi da Damagaram duk suna shan wutar da ke shigowa daga Najeriya ta Katsina, ka haɗa ta da sola da batir, kada rana ɗaya ta kwashe su tare.

In ka raba su, wani ciwon zai fito: ta biyu, wadda ke kwafar lambobi daga ta farko, tana iya amsawa da tsofaffin lambobi. Saboda haka gwajinka ya riƙa kwatanta lambar siriyal ta SOA, wato layin da ke nuna sigar fayil ɗin lambobin, a kan duka biyun. In sun bambanta har tsawon awa, kwafi ya tsaya. Ka kuma duba adadin ƙarewar wa'adi da ka rubuta cikin SOA. In ta biyu ta daɗe ba ta ga ta farko ba har wa'adin ya cika, daina amsawa take yi gaba ɗaya. Da irin rezonmu, mako biyu zuwa huɗu ya fi hankali.

Manya ma haka suke yi. RIPE NCC, ƙungiyar raba adireshin intanet da ke Amsterdam, su ke riƙe da e164.arpa, kuma ba sa miƙa lambar wata ƙasa sai ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tabbatar hukumar ƙasar ta yarda. Suna da DNSMON, wanda ke aika tambayoyi daga na'urorin RIPE Atlas a sassan duniya, ta UDP da TCP, IPv4 da IPv6, ya nuna wace sabar ce ba ta amsa ba kuma daga ina. Naka sigar ita ce kowane reshe ya gwada duka sabar biyu, ba ofis kaɗai ba. Amma kada sha'awar Atlas ta sa ka buɗe sabarku ga duniya. Lambobin mutane ne a ciki, su zauna bayan VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar rezo mai kulle.

Bakatsine77 ya rubuta:

Ni fa ku yi haƙuri, wuri huɗu har sai an yi ENUM? Kamfanonin waya masu miliyoyin lambobi ne ke buƙatarsa. Ka rubuta lambobin kai tsaye cikin Asterisk ɗin kowane reshe ka huta.

Na-Mokoyo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bakatsine, da lambobin suna zama wuri ɗaya da na bi shawararka. Amma lokacin kaka ana ɗaukar yara masu sayen wake da aya a ƙauyuka, kowa da layinsa, bayan wata uku a sallame su. Gyara wuri ɗaya ya fi mini sauƙi da shiga inji huɗu. Zan kai guda Damagaram. Saura abu ɗaya, Yaya Injiniya: in intanet ɗin ofis ne ya yanke, ta ina saƙon gargaɗin zai same ni?

Injiniya_Yamai ya rubuta:

Ta sim. Ka sa ƙaramin modem a injin gwajin ya turo maka saƙon tes, a kan layin kamfanin da ba shi ke ba ku intanet ba. Ka bari sai gwaji uku a jere sun faɗi kafin ya aiko, in ba haka ba wayarka ba za ta bar ka ka yi barci ba. Sannan ka sa Asterisk ya riƙa rubuta duk kiran da ya fita ta sim saboda ENUM bai amsa ba. Wannan lissafin za ka nuna wa Alhaji ran da za ka nemi kuɗin batir.