Kuɗin lakwal sun sha mini kai, in fidda babbar?

Mai tambaya, Tawa: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Don Allah a ba ni shawara. Maigida ya tafi biɗa Abijan, da can yana aiko da ɗan abin da ya samu, yanzu sai "ki yi haƙuri" a waya. Yara 5 ke hannuna, 3 nawa, 2 na marigayi wana. Da ya rasu dangin uwarsu suka ce su za su riƙe, aka yi zama gaban mai unguwa, aka raba kayan ɗaki, uwar ta yi aure Ƙonni, ƙarshe dai ni aka kawo wa su da ledar tufafi. Uwar mijina har yau gori take yi mini, wai na kwaso wa ɗanta nauyi. Tun da aka koma lakwal a Oktoba ban huta ba: kaye, bik, tenu, kuɗin COGES (kwamitin kula da lakwal), yanzu kuma a kawo zana don rumfar aji. Babbar tana 4e, shekara ta uku a CEG (kwaleji). Ina tunanin in fidda ta ta kama mini tallar ƙosai, ƙananan su ci gaba.

Mushe mai ritaya: Wa alaikumus salam. Kar ki soma! Ɗiyata, lakwal ta gwamnati ba kuɗin karatu ake biya ba. Na COGES iyaye ne ke tsaida su a babban taro, don alli da gyaran tebur da rumfa. Ki je wurin darakta da shugaban kwamiti, ki ce marayu gare ki, a ɗauke miki ko ki biya kaɗan-kaɗan. Kin halarci taron ma?

Maman 'yan biyu: Baba, wannan a takarda ne. Nawa an koro su gida kan jikka 2, na bar tukunya a wuta na je, aka ce darakta ya fita. Taron ma maza ke cika shi, mu sai tafa hannu.

Mushe mai ritaya: To ku shiga AME, ƙungiyar iyaye mata, don wannan aka kafa ta. Kuma tun Disamba 2017 akwai dokar kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Baɗi ta shiga 3e, ga jarrabawar BEPC ta gama kwaleji, yanzu ne za a ɗora mata tire?

Hajiya ta Garkawa: Ni shawarata asusu. Ki shiga Mata Masu Dubara, asusun ƙungiyoyin mata, tun 1991 aka fara shi a Maraɗi. Zubi kowane mako, ki ci bashi lokacin komawa lakwal. Sai dai a duba mai riƙe akwati, mu tamu ta ba mu wuya, har yau ba ma gaisawa.

Wani ɗan kabu-kabu: Ni da BAC ɗina na gama sakandare ga ni bisa moto. A koya mata ɗinki, Inna, ya fi.

Maman 'yan biyu: Tsaya, babbar taki ce ko ta marigayi?

Mai tambaya: Ta marigayi ce, amma wallahi ba don haka ba. Ita ce ta isa talla, nawa babban CM1 yake, aji biyar na firamare. Asusu kuma da me zan zuba? Zuwa wurin darakta kuwa, matarsa ƙawar uwar mijina ce, kafin in dawo gida magana ta riga ni.

Mushe mai ritaya: Kunyar mutane ta fi miki karatun marainiya ke nan? Nawa ne jimillar abin da ake binki? Faɗi adadi, mu nan ma za mu iya haɗawa.

Mai tambaya: Baba, ni ba roƙo na zo ba, shawara na nema. Zan jira maigida ya kira Juma'a.

Hajiya ta Garkawa: Ita yarinyar an tambaye ta?