Jan keken yaro a bakin tekun Jidda: abin da muka tsayar

Ranar Juma'a bayan la'asar muka zauna da 'yan uwa mazauna Jidda, hira ta kai mu kan yaron da ke gajiya a tsakiyar hanya idan an fita da kekuna a Kornish, wato titin bakin teku, da yadda za a ja kekensa.

Igiya ce aka fi jayayya a kanta. Wani dattijo ya ce tun yana yaro haka ake yi. Masu ƙananan yara suka ƙi: idan babba ya ja birki, yaron da bai iya tsayawa ba zai afka masa ta baya, igiyar da ta saki kuma tana iya shiga taya. Ni ma bayansu na bi.

Aka fi yarda da ƙarfen da ke haɗa keken yaro da na babba, yana ɗaga tayar gaban keken yaron. Iri biyu aka ambata. Trail-Gator ana ɗaure shi a sandar sirdin keken babba, sai dai yakan karkace idan ba a matse shi sosai ba. FollowMe yana kama gindin tayar bayan keken babba, yana ɗaukar keken yaro mai taya inci 12 zuwa 20, ya fi tsayuwa daidai, ya kuma fi tsada.

A cire ƙananan tayoyin koyo, a sa hular kwano, a tafi a hankali wajen kwana. Da zafi, a bari sai bayan magariba, a ɗauki ruwa.