An sallame ni daga gidan biredi ba notis, ga albashin wata biyu a hannunsu

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Shekara uku ina aikin murhu a wani gidan biredi a Kano. Ranar Litinin maigidan ya ce na tafi, ba laifin tsaye ba na zaune, kuma albashina na wata biyu yana hannunsa. Ba mu taɓa rubuta yarjejeniya ba. Ga iyali, ga haya. Ina da hakki a doka?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Kana da shi, ɗan'uwa. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar a ba shi notis na mako biyu a rubuce, ko kuɗin kwanakin. Rashin takarda bai kashe maganarka ba, shi doka ta ɗora wa ba ka ita cikin wata uku da fara aiki. Adana alat ɗin banki na albashin baya, hujja ce babba.

Baban Sadiƙ:
Allah Ya musanya da mafi alheri. Ni dai fara tura masa dattijon da yake jin kunyarsa. In ya ƙi, kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai. A hannu yake biyana, amma abokan aikina biyu za su yi shaida.