Na tsinci wuƙa a wandon ɗana, in kai shi wurin DPO?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, don Allah a sakaya sunana. Ɗana na fari shekararsa 14, a Kano muke. Mahaifinsa yana Legas wajen nema, sai sallah yake zuwa, ni kaɗai ce da yara huɗu a gidan haya, ga maƙwabciya da kullum sai mun yi a kan layin ruwa, ita ta fara yaɗa cewa yarona ɗan daba ne. Shekaranjiya ina wanki na tsinci wuƙa a aljihun wandonsa, an naɗe ƙotarta da roba. Da kuɗin adashena na saya masa takalmin ƙwallo na sa shi a kulob ɗin unguwa. Yanzu so nake in kai shi wurin DPO ya yi masa nasiha, ya daina ganin ɗan sanda a matsayin abokin gaba. Na rasa barci.

Kawu: Kul, 'yar uwa! Da ƙafarki za ki kai shi a san fuskarsa? Gobe aka yi ƙwacen waya a layinku, ƙofarki za a fara bugawa. Sana'a za ki sa shi, ƙwallo zaman banza ce.

Anti Malama: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, Kawu. Akwai kwamitin PCRC na hulɗar 'yan sanda da jama'a. Ki bi ta hannun mai unguwa, ku je tare.

Maman Biyu: Hmm. An kama ƙanena a wani caji ofis, ga "beli kyauta ne" manne a bango, amma sai da na sayar da ɗan kunnena. Har yau ban mayar ba.

Baban Yara: A kai shi gidan mari kawai.

Kawu: Bayan abin da aka gani a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, yara ɗaure da sarƙa? Haba malam. Na faɗa, sana'a. Kasuwar waya ta Farm Centre, gyaran waya, safe zuwa magariba.

Anti Malama: Makaranta fa? Kuma mahaifinsa ya sani?

Mai tambaya: Yarona ba ya shaye-shaye, wuƙar ma ya ce ajiya aka ba shi. Tunda ya fara ƙwallo yake dawowa a gajiye ya kwanta, ba zan cire shi ba. Ni a kan DPO na yi tambaya.

Kawu: Wa ya ba shi ajiyar?