Ku da kuka mayar da fomulolin Excel zuwa SQL, a ina lissafi ya saɓa muku?

Mai tambaya, daga Kakuri:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ce ke haɗa rahoton ciniki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Shekara da shekaru Excel muke amfani da shi, har fayil ɗin ya kusa cinye layuka 1,048,576 da shafi ɗaya yake iya ɗauka. Shi ne aka yanke shawarar kwashe komai zuwa Snowflake, wani rumbun adana bayanai a intanet, aka ɗora mini mayar da fomulolin zuwa SQL, harshen da ake ba irin wannan rumbu umarni da shi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya: IF na mayar da shi CASE WHEN, SUMIFS ya zama SUM da GROUP BY, VLOOKUP, mai nemo farashin kaya daga wani tebur, ya zama LEFT JOIN. Na fitar da rahoton watan jiya, sai jimillar ta haura ta Excel, akanta kuma ya ce ba zai sa hannu ba. Yana da gaskiya. Kwana huɗu ina dubawa ban ga inda na kuskure ba. Don Allah duk wanda ya taɓa wannan aiki ya faɗa mana abin da ya same shi, ko da bai yi kama da nawa ba.

Daga Malali:

Wa alaikumus salam. Hajiya, tunda sama jimillar ta yi ba ƙasa ba, fara da VLOOKUP ɗin nan. Shi idan ya tarar da lambar kaya sau biyu a teburin farashi, ta farko yake ɗauka ya yi shiru. JOIN kuwa duka biyun zai kawo, sai ciniki ɗaya ya zama layi biyu, SUM ya haɗa su. Ni a wurinmu duk sanda farashi ya canza, mai kula da sito ba ya goge tsohon, sabon layi yake ƙarawa a ƙasa. Na ƙirga layuka kafin JOIN da bayansa, nan take abin ya fito fili.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali ba shi ba ne. Tunda na farko VLOOKUP ke ɗauka, ashe da tsohon farashi rahotonmu yake fita tun da daɗewa, ba wanda ya lura. Wato lissafin da nake ta ƙoƙarin in daidaita da shi, shi kansa ba daidai yake ba. QUALIFY da ROW_NUMBER za su zaɓar miki layi ɗaya, Snowflake da BigQuery, rumbun bayanai na Google, duk suna karɓa. Wane layi za a zaɓa kuwa, sabo ko wanda yake aiki ranar da aka yi cinikin, wannan ba hukuncinki ba ne ke kaɗai. Ki zauna da akantan.

Mai tambaya:

Malam, Allah ya saka da alheri. Na ƙirga yanzu. Kaya goma sha ɗaya ne suka maimaitu, har da sukari da man gyaɗa, su ne kuma suka fi tafiya. Na gyara, sai jimillar ta faɗo ƙasa da ta Excel.

Daga Unguwar Dosa:

Yaya, gurbin da babu komai ne, na kusa rantsewa. A Excel idan kika cire ragi daga farashi kuma gurbin ragin fanko ne, sifiri yake ɗaukarsa. A SQL fanko NULL ne, kuma duk abin da aka tara ko aka cire da NULL, NULL yake komawa. SUM kuma ya tsallake shi ba tare da ya yi ƙorafi ba. Duk cinikin da ba a yi wa ragi ba ya ɓace ke nan. COALESCE zai mayar miki da shi sifiri.

Sai dai ina roƙon kowa, kada a riƙa watsa COALESCE ko'ina kamar gishiri. Ni bayanan rigakafin yara nake tattarawa daga asibitocin unguwanni. Asibitin da ya rubuta 0 yana cewa ba a kawo yaro ba. Wanda ya bar gurbi fanko bai aiko da rahoto ba ne, wataƙila ma'aikaciyar ba ta da lafiya, wataƙila babu sabis. Ranar da na mayar da su duka sifiri, AVG ya faɗi, aka kusa tura tawaga inda ba matsala, aka bar inda ya kamata a buga waya a tambaya.

Wani abin da ya ba ni wahala shi ne shekarun yara. DATEDIF na Excel cikakkun shekaru yake ƙirgawa. DATEDIFF na Snowflake, da DATE_DIFF na BigQuery, sau nawa aka tsallaka sabuwar shekara suke ƙirgawa. Jaririn da aka haifa ranar 20 ga Disamba 2023, zuwa 5 ga Janairu 2024 sai su ce ya shekara ɗaya, alhali ko arba'in bai yi ba. A watan Janairu 'yan ƙasa da shekara ɗaya suka kusa ƙarewa a rahotona. Yanzu ƙara shekara ɗaya nake yi a kan ranar haihuwa da DATEADD, in gwada da ranar rahoto. Sunan DATEDIF da DATEDIFF kusan ɗaya ne, harafi guda ya raba su, shi ya sa ban yi zargi ba.

Daga Sabon Tasha:

Nawa sunaye ne. Excel ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami wajen nema, rumbunan nan kuwa suna bambantawa. Kaduna da KADUNA gari biyu ne a wurinsu. Ga T/Wada da Tudun Wada, ga U/Rimi, ga mai rubuta ƙ da mai rubuta k. Ƙananan hukumomi 23 ne a jihar nan, GROUP BY ya fito mini da fiye da arba'in. UPPER mai mayar da rubutu manyan baƙaƙe da TRIM mai cire tazarar gefe sun rage, sauran sai da na yi ƙaramin tebur na daidaita suna da hannu. Kuma a kula da Kaura da Kauru, kada garin gyara a haɗe su. Jema'a ma ta tsayar mini da umarni gaba ɗaya, saboda alamar da ke tsakiyarta ita ce SQL ke rufe rubutu da ita. A Snowflake idan aka rubuta ta sau biyu a jere sai ta wuce.

Daga Kawo:

Lambar waya da lambar asusu kada a bari su shiga a matsayin adadi. Sifirin farko na 080 yana faɗuwa, JOIN ya daina gane mutum. Idan kuma kwanan wata ya zo muku kamar 45292, ba lalacewa ya yi ba, 1 ga Janairu 2024 ke nan a ƙirgen Excel. A tara adadin a kan 30 ga Disamba 1899, ba 1 ga Janairu 1900 ba, domin Excel yana ƙirga 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba a taɓa yi ba. Daga Lotus 1-2-3 ya gaje ta.

Daga Barnawa:

Hajiya, tunda Snowflake ne, duba agogo tun kafin ya ba ki kunya. Idan ba a canza ba, a kan lokacin Los Anjalis yake zuwa, mu kuma muna gabansu da awa takwas ko tara, gwargwadon lokacin shekara. Rahoton "cinikin jiya" da na saita ya fita ƙarfe bakwai na safe, na shekaranjiya yake kawowa, don a wurinsa gari bai waye ba tukuna. Idan na sake gudanar da shi da azahar sai ya fito daidai. Mako guda ina zaton bayanan ne ba sa isowa da wuri, har na ɗora wa wani yaro laifin da ba nasa ba, sai da na je na ba shi haƙuri. A sa TIMEZONE ya zama Africa/Lagos.

A BigQuery kuma UTC ne, awa ɗaya a bayanmu. Ga masu lissafin POS wannan awa ba ƙarama ba ce, musamman goman ƙarshe na azumi da ake ciniki har tsakar dare: duk abin da aka yi tsakanin sha biyu da ɗaya na dare, ranar da ta wuce yake faɗawa.

Daga Rigasa:

Ni ban ga abin wahalar da kai ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna mayar da fomula SQL cikin daƙiƙa, ni da su na yi nawa.

Daga Unguwar Rimi:

Ɗana, ban hana ka ba, nima na ga yaranmu suna yi kuma rubutun yana fita da kyau. Amma manhajar fomular da ka ba ta kawai take gani. Na yi shekara ashirin da wani abu ina aikin akanta, bari in ba ka misali ɗaya. A fayil ɗinmu an rubuta 0.075 a cikin fomular harajin VAT. Yaron da ya mayar da ita ya kwafe ta yadda take, babu kuskure ko ɗaya a rubutunsa. Sai dai rumbun yana ɗauke da ciniki tun na 2018, kuma VAT kashi 5 ne har zuwa Fabrairun 2020 da ya koma 7.5. A Excel kowace shekara da fayil ɗinta, da adadinta. Da aka zuba su wuri ɗaya, tsofaffin shekaru suka ɗauki harajin da ba a taɓa karɓa ba. Wace manhaja ce za ta gaya maka wannan? Wanda ya zauna a kan kujerar ne ya sani.

Haka IFERROR. Mutane suna sa shi ne don kada shugaba ya ga alamar kuskure, sai ya rufe rabawa da sifiri, ya rufe kayan da ba a samu a tebur ba, duk da mayafi ɗaya. Kafin a musanya shi da DIV0 ko SAFE_DIVIDE, masu hana rabawa da sifiri tsayar da lissafi, a cire shi tukuna a ga me yake ɓoyewa. Kuɗi kuma a ajiye su a NUMBER ko NUMERIC, ban da FLOAT mai ajiye adadi da kusanci kawai.

Daga Kawo:

Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: gwaji ma kuɗi ne, kuma da dala. BigQuery yawan bayanan da ya karanta yake caji, LIMIT ba ya rage shi, sai dai a zaɓi ginshiƙan da ake bukata kawai. Snowflake kuma lokacin da injin yake kunne yake ƙirgawa, a sa ya riƙa kashe kansa da wuri.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ragin ne kamar yadda ƙanwata ta Unguwar Dosa ta ce, agogon ma na tarar da shi a Los Anjalis na gyara. Yanzu saura bambancin naira ɗari biyu da 'yan kwabbai. Na gano Excel yana yin ROUND a kowane layi kafin ya tara, ni kuma sai da na tara na yi. Ban taɓa shi ba tukuna, don ban san wanne ne ya dace da rasit ɗin da ke hannun abokan ciniki ba. Wanda ya fara gina fayil ɗin ya yi ritaya, yana Zariya. Na samu lambarsa, ya ce in kira shi gobe bayan la'asar. Baba, cikin kaya goma sha ɗayan nan akwai watannin da aka riga aka rufe da tsohon farashi. Idan kai ne, sake buɗe su za ka yi, ko a rubuta gyaran a watan da muke ciki?