Wace kalma za mu ba fierce a Hausa?

Masu fassara da 'yan jarida, ku zo mu tsayar da magana kan kalmar Ingilishi fierce. Kusan kullum "ƙazami" ake liƙa mata, ni kuwa abin bai kwanta mini ba.

Asalinta ferus ne a Latin, wato dabbar dawa da ba a hora ba. Ta tsohon Faransanci ta bi ta shiga Ingilishi, bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san 'yar'uwarta fier, wadda a Faransancin yau ke nufin mai alfahari. Kun ga tun daga tushe akwai ban tsoro a cikinta, akwai kuma isa.

Nan ƙazami ya gaza. Ƙazamin faɗa ya zauna daram idan an zubar da jini an yi ɓarna, domin da ƙyama kalmar take tafe. Amma Bature kan ce fierce ga uwar da ta tsaya kan 'ya'yanta ba ja da baya, da 'yan kasuwar da ke tseren neman ciniki. Wa zai kira wannan uwa ƙazama? Ko a fagen daga ma muna da gumurzu da artabu da ɗauki-ba-daɗi, kowanne ya riga ya haɗiye ma'anar, ba ya neman ƙari.

Ni dai zafi na zaɓa. Gasa ta yi zafi, zazzafar muhawara, ɗan dambe mai zafi. Yana ɗaukar yabo, yana ɗaukar gargaɗi, kamar dai fierce ɗin. Sai dai a kula: zafin nama hanzari ne, zafin rai kuwa saurin fushi, duk ba su ake nema ba. Idan sa ne ko kare, mafaɗaci ya wadatar.

Abin da ya rage shi ne yadda matasa ke amfani da ita a Instagram, ga macen da ta ci ado ta kafe kyamara da ido ba shakkar kowa. Kwarjini ya yi kusa, amma shi da natsuwa yake zuwa, irin ta sarki ko malami, wannan kuwa da ƙalubale. Na fi karkata ga isasshiya.

Mutanen Sakkwato da Katsina da Damagaram, me kuke kiran irin wannan mace a wajenku?