Karyar gareji mai ƙafa uku: wa zai karɓe ta a Kano?

Auwalu: Salamu alaikum jama'ar zaure. Maganar karyar nan ce da adaidaita sahu ya take a bakin garejinmu a Sharaɗa wata biyu da suka wuce. Ta warke, amma sai da aka yanke ƙafar baya ta hagu. Yanzu mai filin ya ce kafin ƙarshen wata in san inda zan kai ta. Na yi wa mutum bakwai magana. Da sun ji "mace ce, ƙafa uku", sai su ce za su kira ni. Kuma ba na ɓoye musu, ranar da muka ɗauke ta daga titi ta kama hannun yaron shagona.

Kawu Bala: Auwalu, ka yi ladanka, ya isa. Gaskiya ɗaya ce: irin wannan ba ta da gida a Kano. Lafiyayyen kare ma wa ya damu da shi, balle gurguwar karya mai cizo? Ka kai ta bayan gari ka sake ta, ko likita ya yi mata allurar da ba a tashi. Jinƙan ke nan.

Hajiya Ladi: Ni yaron nake ji. An yi masa allura kuwa? Haukan kare in ya bayyana a jikin mutum sai dai addu'a.

Auwalu: An yi masa, Hajiya. A famfon gareji muka wanke da sabulu, muka wuce asibiti a ranar.

Dakta Hadiza: Kun yi daidai. Don amfanin kowa, wankin nan minti 15 ake so, da sabulu da ruwa mai gudu, kafin a je asibiti. Kawu, ka yi haƙuri, a nan zan saɓa maka. Dabbar da ƙashinta ya karye aka ɗaga ta, ko tunkiya ce sai ta yi tunkuyi. Da akwai cutar a yawunta ranar da ta yi cizon, da cikin kwana 10 ta nuna alama ko ta mutu. Ni na duba ta, na yi mata rigakafi, irin wanda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, na rubuta kati. Sakin ta a bayan gari kuwa shi ne mafi muni. Ba ta iya ƙwatar abinci a bola, yara za su yi ta jifa, sai mu mayar da ita mai cizon da muke tsoro da hannunmu.

Kawu Bala: Dakta, ke aikinki kike karewa. To addini fa? Wa zai kori mala'iku daga gidansa saboda karya?

Malam Isa: Alhaji Bala, hadisin da kake nufi ingantacce ne, haka ma wanda ya ce mai ajiye kare kullum ana rage masa ƙiraɗi daga ladansa. Amma ka karanto shi har ƙarshe: an togace karen farauta, da na kiwo, da na gona. Kuma a Buhari da Muslim ɗin nan ne aka kawo wanda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa. Ibnu Abi Zaidin, mai Risalar da muka karanta a zaure, shi ya rubuta cewa ba a ajiye kare a gidajen cikin gari. Sai ga shi malamai sun ruwaito katangarsa ta faɗi ya ajiye kare don tsaro, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Ba wanda ya ce a shigar da ita falo. A nemo mata inda ake buƙatar gadi.

Kawu Bala: Allah ya gafarta Malam, gadi da ƙafa uku? Ɓarawo ya ɗauki kaya tana ɗingishi a bayansa.

Auwalu: Kawu, ba ta gudu amma tana ji. Daren Talata wani ya taɓa batirin wata tifa, haushinta ya tashi maigadin kamfanin da ke kallonmu. Ƙarƙashin tsohuwar bas take kwana, da ka motsa ƙofar langa-langa kunnenta ya miƙe.

Ɗanjuma: Ku daina wahala. Akwai wanda na sani yana karɓar kowane irin kare, har kuɗi yake bayarwa. Ko mafarautan unguwarmu.

Dakta Hadiza: Mafarauta ba za su ciyar da wadda ba ta kamo ko gafiya ba. Shi kuma mai biyan kuɗi a kan gurguwar karya bai tambayi ko tana haushi ba, nauyinta yake dubawa. In ka ga kare na sunsunar takalmi ɗauka zai yi. Kasuwar karnuka ta Dawaki a jihar Filato za ta ƙare.

Ɗanjuma: To ai gida ne wannan ma, na kwana biyu.

Hajiya Ladi: Ɗanjuma, ka ji tsoron Allah.

Anti Rabi: Na yi shiru ne ina tambayar Baban Ummi. Gidan kajinmu na hanyar Kumbotso sau biyu ana haura mana bana, maigadin kuma tsoho ne, barci ke ɗaukarsa. Abin da ke hana ni biyu ne. Kada mu ba kura ajiyar nama, ta cinye kajin. Sannan mace ce, in lokacinta ya yi karnukan ƙauyen duk su taru, ga 'yan kwikwiyo. An sayar da kare an sayi biri ke nan.

Dakta Hadiza: Na biyun mai sauƙi ne, Anti, a cire mata mahaifa, ba barbara ba haihuwa. Ku sayi magani, aikin ni na ɗauke. Na farkon ba zan yi miki rantsuwa ba. A ɗaure ta da doguwar sarƙa a inuwa nesa da keji, sati biyu, maigadin ya riƙa ba ta abinci da hannunsa, a ga yadda take kallon kajin. In ta zabura musu ku faɗa mana, kada a kunyata.

Anti Rabi: In ta ci ko ɗaya Auwalu zai biya.

Auwalu: Na yarda. Saura mota. Masu adaidaita uku na tambaya, duk sun ce ba sa ɗaukar kare.

Kawu Bala: Ni dai ina kan bakana, kafin wata ya ƙare za ta dawo muku. Akori-kurata na gida ranar Asabar. Ka shimfiɗa buhu a baya, ka zuba mai, kuma ka wanke min ita kafin ka dawo da makulli.